Bashin da ke Wuyan Ɗan Gata a Ƙasar Baƙunci

Duk inda 'yan ƙasarmu mazauna Ingila suka haɗu, ko a harabar masallaci bayan an idar da Juma'a, ko a wurin walimar suna, ko kuwa a zauren da aka kama haya domin shan ruwan azumi, da wuya a watse ba a ji wani ya furta wata magana ba, wadda yawan maimaita ta ya sa har ta ɗauki kamannin gaskiyar da ba ta bukatar hujja, watau cewa kowannenmu da guminsa ya kawo kansa inda yake, Nijeriya ba ta tsinana masa kome ba, saboda haka babu mai binsa bashi. Masu faɗin haka ba malalata ba ne, ba kuwa maƙaryata ba. Galibinsu mutane ne da suka ci kwakwa, suka kwana tsaye a kan majinyata, suka sha sanyin da bai taɓa ratsa ƙasusuwan iyayensu ba. Amma wahalar da mutum ya sha ba ita ke mai da ra'ayinsa gaskiya ba, kuma ni da nake ɗaya daga cikinsu, likita wanda ya yi karatu a Zariya ya kuma daɗe yana aiki a arewacin Ingila, ina ganin ya wajaba a zauna a warware wannan mas'ala a tsanake, domin al'ummar da masu iliminta suka tafi ta yi hasara, amma wadda masu iliminta suka tafi suna ganin ba su da abin biya, hasararta ta ninka.

An haife ni a Kano, a gidan ma'aikacin gwamnati, a unguwar Nasarawa, cikin irin gidajen nan masu faffaɗan fili da itatuwan darbejiya da mangwaro, waɗanda Turawa suka gina wa kansu nesa da hayaniyar birni, sa'an nan da suka tafi 'yan boko suka gaje su. Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, bai tara dukiya ba. Albashi ne kurum, da motar da ya saya da rancen gwamnati, da gidan da ba nasa ba ne. Da an tambaye mu a wancan zamani, da mun ce mu masu rufin asiri ne kawai, domin idonmu yana kan 'ya'yan manyan attajiran birni, kuma ɗabi'ar ɗan Adam ce ya auna kansa da wanda ya fi shi. Alhali kuwa muna buɗe famfo ruwa ya zubo, muna da fitilar lantarki da muke bitar karatu da ita bayan lisha, muna da uwa wadda ta iya karatu, ta san ranar da za a kai kowane yaro rigakafi, da uba wanda yake karɓar littafin lissafi ya duba da jan biro kafin ya kwanta. In zazzaɓi ya kama ɗayanmu, 'yar takarda ce mahaifina zai rubuta zuwa ga wani abokinsa da suka yi makaranta tare, sai a tsallake da mu layin da wata mata ta hau tun asuba da goyo a bayanta.

Na shiga firamare a zamanin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976. Daga nan na sami shiga ɗaya daga cikin makarantun kimiyya da Jihar Kano ta kafa wa hukuma ta musamman a 1977, waɗanda suka fara da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda abinci da wurin kwana da littattafai da ɗakin gwaje-gwaje duk na gwamnati ne. Gaskiya ne da jarrabawa ake shiga, kuma 'ya'yan manoma da yawa sun shiga da ƙwazonsu, sun kuwa fi mu. To amma yaron da aka duba wa lissafinsa kowane dare shekara shida, da yaron da ya yi firamare a gindin bishiya tsakanin kiwo da tallar fura, in sun zauna a ɗakin jarrabawa ɗaya, ba daga wuri ɗaya suka taso ba. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962, ban biya kuɗin koyarwa ba, har ma jiha tana ba mu ɗan alawus. Kuɗin da ya gina waɗannan wurare ba daga sama ya faɗo ba. Kafin man fetur ya zama jigo, akwai rarar da hukumar cinikin amfanin gona take riƙewa daga farashin gyaɗa da auduga, akwai haraji da jangali da talaka ya yi ta biya, wani lokaci da sayar da akuyarsa, har zuwa 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Kano. Manomin da ya cika buhunan da aka yi dalar gyaɗa da su, shi ya sayi madubin gwajin da na fara leƙa ƙwayar jini a cikinsa, ko da yake ɗansa bai taɓa taka ƙofar wannan ɗaki ba.

Akwai kuma wani kaso na wannan bashi wanda likitoci suka sani, amma ba kasafai suke ambatonsa ba, shi ne cewa a jikin talaka muka koyi aikin. Ina tuna wata dattijuwa da aka kawo daga ƙauye, saifarta ta kumbura har ta sauko ƙasan cibiya. Malaminmu ya tara mu a gefen gadonta, ɗalibai fiye da goma, ya ce kowa ya sa hannu ya ji. Ɗaya bayan ɗaya muka danna cikinta, wasunmu hannu na rawa, wasu da ƙarfin da ya wuce kima, ita kuwa tana cije leɓe, duk wanda ya gama sai ta dube shi ta ce, "Sannu ɗana, Allah ya ba da sa'a." Ba ta san cewa tana da ikon ƙi ba, ba wanda ya gaya mata, kuma ko da an gaya mata ba na tsammanin za ta ƙi, domin a zuciyarta 'ya'yanta ne ake koya wa aikin da za su warkar da jikokinta. Hannun da ya koyi gane saifa a cikinta, yau tsofaffin Ingila yake dubawa. Ban ce wannan haramun ne ba, domin majinyaci majinyaci ne ko'ina yake, kuma jinƙai ba shi da iyakar ƙasa. Abin da na ce shi ne, wanda ya ce babu mai binsa bashi, sai ya fara gaya mana inda ya biya wannan dattijuwa.

Wannan gata kuwa yana da asali, ba jiya ya fara ba. Tun da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, har da sashe na musamman domin 'ya'yan sarakuna, ƙofar boko a Arewa ƙunƙuntacciya ce. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna, sa'an nan Zariya, ta zama Barewa, ita kaɗai ta fitar da mutum biyar da suka shugabanci Nijeriya: Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Yakubu Gowon, da Murtala Muhammad, da Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Da yawa daga cikin waɗanda suka shiga boko a farko ba da son iyayensu aka kai su ba, wasu ma da kuka aka rabu da su; amma da suka fito suka zama akawuna da malamai da ma'aikatan En'e, sai 'ya'yansu suka gaji abin da ya fi gona daraja, watau sanin hanya, da sanin mutane, da sanin yadda ake cika takarda. Mafi yawanmu da ke waje yau, in aka bi salsala, jikoki ne ko 'ya'yan waɗannan mutane, ko kuwa waɗanda ɗaya daga cikinsu ya riƙa.

A gidanmu akwai wani almajiri, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, wanda iyayensa suka kawo wa wani alaramma daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja. Da sassafe yake zuwa, ya share tsakar gida, ya wanke kwanonin dare, a ba shi ɗumame da ƙanzo ya zauna a bakin ɗakunan baya ya ci, daidai lokacin da ake sa mu a mota da kwandon abinci za a kai mu makaranta. Mahaifiyata tana kyautata masa bisa ga mizanin zamanin: tana ɗinka masa kayan Salla, in ya yi ƙazuwa ta saya masa magani, ba a taɓa dukansa a gidanmu ba. Ban taɓa ganin mai kaifin hadda irinsa ba. In ina bitar jadawalin lissafi da ƙarfi a baranda, yana tsugune yana goge tukunya da toka, washegari sai in ji shi yana maimaita abin da na karanta ba kuskure, yana kuma tambayata abin da ke biye. Ya haddace Alƙur'ani tun bai yi gemu ba, wannan kuwa daraja ce da ban kai gare ta ba, kuma Allah ne kaɗai ya san wanda ya fi wani a wurinsa. Amma a lissafin duniya, a wani zuwa gida da na yi na tarar da shi yana tura kurar ga-ruwa a wata unguwa bayan gari, bayansa ya fara rankwafawa, 'ya'yansa maza biyu kuma suna wata tsangaya a wani gari, suna wanke kwanonin wani gida. Ya rungume ni da murna ta gaskiya, ya yi ta sa mini albarka, bai nuna hassada ko ƙwayar zarra ba. Babu wata jarrabawa da aka yi tsakanina da shi na ci ya faɗi. An yanke hukuncin tun ranar suna. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma kowa ya san a wane yanki mafi yawansu suke.

Ita kanta fitar da muke alfahari da ita, ƙofa ce da ba ta buɗuwa sai ga mai gata. Ɗalibin da ke neman bizar Ingila sai ya nuna kuɗin makaranta da na zaman watanni a asusun banki, su kwana 28 a jere ba a taɓa su ba. Sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi. Sai ya ci jarrabawar Turanci wadda kuɗinta kaɗai ya fi ƙarfin malamin firamare. Likita kuwa sai ya ci jarrabawar PLAB, wadda kashi na biyunta a Manchester ake yi, ya biya jirgi da masauki tun bai san ko zai ci ba. Tun Fabrairun 2024 yawancin masu neman izinin zama suna biyan fam 1,035 a kowace shekara domin kuɗin lafiya kawai, abin da ya haura albashin shekara biyu na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata. Wanda ya iya tara wannan, ko kawunsa ya ara masa kuɗi aka ajiye a asusunsa har kwanakin suka cika, to a gida ma ba ya cikin marasa galihu.

Marasa galihu su ma suna fita, amma ta wata hanya. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin Sahara, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne, mafi yawan sauran mata, kuma galibinsu Hausawa ne daga yankin Kantche na ƙasar Damagaram, za su je neman abin da za su ci. Akwai matan da ake kai wa aikatau ƙasashen Larabawa a karɓe musu fasfo, akwai samarin da suka ƙare a gidajen kurkukun Libiya. Yana ɓata mini rai ƙwarai in ji ɗan'uwana mai takardu yana tsaki yana cewa waɗannan su ne suke ɓata mana suna. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Abin da ya kore su shi ya kore mu, illa iyaka mu mun sami wanda ya saya mana tikitin jirgi.

Ba na musun cewa zaman baƙunci yana da ɗaci, kuma na gida da suke tsammanin fam ake sharewa a titi ba su yi mana adalci ba. Mutumin da ya tashi ana rusuna wa mahaifinsa, wanda sunan gidansu kaɗai yake buɗe masa ofis, sai ya wayi gari a inda ba wanda ya iya furta sunansa, balle ya san ko ɗan wane ne. Na ga 'yar babban gida mai digiri na biyu, wadda ba ta taɓa wanke kwanon da ta ci abinci a ciki ba, tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, tana sauya wa tsohuwa ƙyallen fitsari, da asuba ta tsaya a tashar bas cikin duhun hunturu tana lissafin kuɗin haya da na wuta. Na halarci jana'izar da sahu biyu bai cika ba, ta mutumin da in a garinsu ya rasu, sai an rufe titi. A ƙarshen Yulin 2024 da farkon Agusta, bayan an kashe wasu 'yan mata ƙanana uku a Southport aka baza ƙaryar cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya kashe su, 'yan tarzoma sun far wa masallacin garin, a Rotherham kuma sun nemi cinna wa otal ɗin da masu neman mafaka ke ciki wuta. A waɗannan kwanaki matanmu sun ji tsoron fita da hijabi, kuma babu mai jifa da ya tsaya tambayar wane ne likita wane ne ya shigo ta kwale-kwale.

To amma a cikin wannan ɗaci akwai karatu ga mai hankali, domin sai gata ya zame daga jikin mutum yake gane cewa da can yana sanye da shi. Abin da ya fi girgiza ni a farkon zuwana shi ne ganin cewa abubuwan da suka bambanta gidanmu da na maƙwabtanmu na bayan gari, watau ruwa mai tsabta, da wuta, da makaranta mai malamai, da likita lokacin ciwo, a can haƙƙi ne na ɗan mai shara kamar yadda suke haƙƙin ɗan minista. Tun 1948, ƙasar tana fama da bashin yaƙi, ana raba abinci da kati, suka kafa hukumar lafiya ta ƙasa bisa ƙa'idar cewa ba a tambayar majinyaci kuɗi a bakin ƙofa. Ba ina nufin sun tsarkaka daga fifiko ba. Su ma suna da 'yan gatansu, tun da makarantar Eton kaɗai ta fitar da firayim minista 20, kuma yau hukumar lafiyar tasu tana nishi da dogayen layuka. Amma ƙasan da ɗan talakansu yake faɗawa yana da daɓe. Daga nan na fahimci cewa gatan da muka tashi a cikinsa, yawancinsa haƙƙin jama'a ne da bai ishi kowa ba, aka tattara shi a 'yan unguwanni kaɗan. Misalinmu misalin yaron da aka saɓa a kafaɗa ne ranar Hawan Daushe, ya ga dawaki da lifidi sarai, alhali wanda ya ɗauke shi ƙeyar mutane kawai yake gani. Ba laifi ba ne ya yi kallo, laifin shi ne ya sauko yana cewa tsawonsa ne.

A nan ne 'yan'uwana za su ce, ai muna biya, ba ka ga kuɗin da muke aikawa ba? Haƙiƙa ana aikawa. Bankin Duniya yana ƙiyasta abin da 'yan Nijeriya mazauna waje suke turowa gida da kimanin dala biliyan 20 a shekara, kuma tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, gidaje da yawa da wannan kuɗi suke hura wuta. Allah ya saka wa masu yi da alheri. Sai dai ya kamata mu bambance tsakanin haƙƙoƙi kamar yadda malaman fiƙihu suka koya mana, domin sauke wani wajibi ba ya ɗauke wani. Ciyar da iyaye mabukata nafaƙa ce da ta hau kan ɗa mawadaci, ko yana Kano ko yana Landan, shi ya sa ma ba a yarda mutum ya ba da zakkarsa ga wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa ba, don kada ya biya bashi biyu da kuɗi ɗaya. Taimakon ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa kuwa sada zumunci ne, ladansa mai girma. Amma in muka duba inda kuɗin yake sauka, za mu ga yana biyan makarantar kuɗi ta ɗan ƙanena, da asibitin kuɗi na gwaggona, da rijiyar burtsatse a cikin gidanmu, da fulotin da na saya a sabuwar unguwa. Watau gatan da na gada ne nake ƙara wa katanga tsawo, domin ya isa ga tsatson da ke biye. Manomin gyaɗa da dattijuwa mai saifa da almajirin gidanmu, ba ɗayansu da yake cikin wannan lissafi.

Imamu Gazali a cikin littafinsa Ihya'u ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka tsaya da su sun ɗauke wa saura, in kuwa aka rasa mai yi, laifin ya hau kan al'umma duka. Al'ummarmu ta tara ɗan abin da take da shi ta koyar da mu domin ta sauke wannan farali daga wuyanta, haka injiniya, haka malamin jami'a, haka ma'aikaciyar jinya. Yau likitocin da suka yi karatu a Nijeriya da ke cikin rajistar likitocin Birtaniya sun haura dubu goma, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya fi tsananta a cikinsu. Faralin yana nan bai sauka ba, kuma waɗanda aka tanada dominsa su ne mu. Mu kuma tuna cewa abin da Alƙur'ani ya zargi Ƙaruna da shi, bayan rowa da girman kai, har da jingina ni'imar da aka ba shi ga iliminsa. Ujubu irin wannan yana kama mai digiri kamar yadda yake kama mai taskar zinariya.

Kada a ɗauka ina goyon bayan masu son ɗaure mutane da doka. A Afrilun 2023 wani ƙuduri ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, wanda ke neman a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Ban ga adalci a cikinsa ba, domin hukumar da ta sa hannu a Abuja a 2001 cewa za ta ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinta ga lafiya, ba ta kuwa taɓa kaiwa ba, wadda shugabanninta suke tafiya Jidda da Landan jinya, har marigayi Shugaba Buhari ya yi fiye da kwana ɗari a jere a Landan a 2017, ba ta da bakin da za ta yi wa ƙaramin likita wa'azin kishin ƙasa. Na san abokan aiki da suka tafi bayan an yi watanni ba albashi, na san waɗanda suka tafi saboda masu garkuwa da mutane. Ba na ce wa kowa ya tattara 'ya'yansa ya koma gobe. Amma zaluncin gwamnati ba ya soke haƙƙin talaka, domin ba gwamnati ce take bin mu bashin ba. Ita wakiliya ce kawai da kuɗin ya bi ta hannunta.

Muna da magabata da suka nuna yadda ɗan gata yake yi da gatansa. Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, mahaifinsa mufti ne a kotun alƙalin Kano, ya yi Kwalejin Kaduna, aka kuma tura shi Landan karatu a 1946. Da ya so, da ya zauna cikin sahun masu mulki har ƙarshen ransa. Sai ya dawo ya sa iliminsa da sanin hanyarsa a hidimar talakawa, ya jagoranci jam'iyyar NEPU, ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja, wanda duk mai son ganin iyakar abin da ya mallaka yana iya zuwa ya gani. Tun kafinsa Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta tashi a gidan da ya fi kowane gida ilimi a zamaninta, ba ta tsare karatun a cikin danginta ba. Ta naɗa jajoji, ta tura su ƙauyuka suna koyar da mata, tsarin da ake kira 'Yan Taru. Ba kowa ne zai kai matsayinsu ba, amma hanyar da suka bi a fili take: sun fitar da ni'imar zuwa ga waɗanda ba danginsu ba, sun kuma yi ta a tsare, yadda za ta ɗore.

Ɗorewar nan ita ce muka rasa. Muna da saurin tara kuɗi a WhatsApp in an yi ambaliya ko gobara, muna rabon shinkafa da azumi a ɗauki hoto, bayan Salla kuwa shiru. Albashin malami ɗaya na firamare a ƙauye bai kai abin da yawancinmu suke kashewa a man mota na wata ba, kuma mutum goma da suka fito daga ƙaramar hukuma ɗaya suna iya kafa waƙafi mai rajista da amintattu da littafin lissafi, su riƙe ɗakin haihuwa guda da ungozoma da magani shekara da shekaru. Likitan da ya zo hutu yana iya ware mako guda daga cikin ziyarce-ziyarcen biki ya tsaya a babban asibitin garinsu, ya yi aiki ya kuma koyar da na baya. Malamin jami'a yana iya duba takardun ɗalibin da ba ya da kawu, ya nuna masa hanyar da aka nuna masa. Za a ce amana ta yi ƙaranci, an sha aika kuɗin gini a tarar da fili. Gaskiya ne, amma ban ga wanda ya fasa gina gidan kansa saboda wannan ba, sai dai ya ƙara sa ido. 'Ya'yanmu kuwa da ake haifa a can, waɗanda suke zuwa gida hutu su ga yara da robar bara a bakin danja su tambaye mu dalili, kada mu ce musu iyayensu ne ba sa son karatu mu ja gilashin mota. Mu gaya musu gaskiyar yadda kakansu ya shiga makaranta, da wanda ya biya, da wanda aka bari.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana da ke Ingila da Amurka da Kanada da ƙasashen Larabawa, duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, ya nemi lambar hedimastan makarantar firamaren ƙauyen da kakansa ya fito, ko ta mai kula da ɗakin shan maganin wurin, ya kira shi kafin watan nan ya ƙare, ya tambaye shi yara nawa gare shi, malamai nawa, da abin da ya fi damunsa. Sa'an nan ya nemi mutum biyu ko uku daga cikin 'yan garinsu, su ɗauki abu guda wanda za su iya riƙewa shekara goma, su rubuta shi, su sa hannu, su fara biya daga albashin wata mai zuwa.